Ƙullin da Orrin Bai Kwance Ba

Ranar Litinin da hantsi aka tsinci gawar Orrin Selkirk a ƙarƙashin gadar rafin Otter, kwance cikin dusar ƙanƙara, ƙeyarsa a fashe a kan dutse. Goɗiyarsa tana tsaye a bisa gadar, ɗaure da keken sanyinsa mai ƙafar sulɓi, ta ba garinmu baya ta fuskanci tashar jirgi, kamar tana jira ya hau su ƙarasa. Wan matarsa, Cyrus Bramlett, shi ya gan shi. Ya shigo gari a sukwane yana ihu, ya ce ya yi ta jiransa a tasha har jirgi ya tashi, shi ne ya biyo hanya ya ga ko lafiya.

Kafin tsakar rana babu namijin da ya rage a gida. Duk suka ɗunguma gada, suka tattake wurin kamar garken shanu, sannan suka dawo masaukina suna buga tebur, suna neman kofi da wanda za a rataya.

Ba su sha wahalar nema ba. Orrin ne wakilinmu a majalisar jiha, ranar Laraba kuma za a buɗe zama. Zaɓen kaka ya tsaga majalisar nan biyu cif: 'Yan Dogo, masu goyon bayan kamfanin jirgin ƙasa, hamsin, 'Yan Gona, masu so a rage kuɗin dakon alkama, su ma hamsin. Ɓangaren da ya fi da mutum ɗaya shi zai naɗa kakaki, kakaki kuwa shi ke cewa wace doka za ta shigo zaure, wace za ta ruɓe a aljihu. Orrin ɗan Dogo ne. To wa zai ci ribar mutuwarsa? Ga kuma sawun dogayen katakan sulɓin nan da mutanen Norway ke ɗaurawa a ƙafa, ya gangaro daga tudu har bakin gada, ya koma. Mutum ɗaya ne a yankinmu mai katako mai wannan faɗin: Gunder Aasland, wakilin mutanen tudu, ɗan Gona har ɓargo.

Ɗan dokanmu Kimball ya riga taron isa tudu. Ya zagayo da Gunder ta bayan gari, ya kulle shi a ɗakin ajiyata tsakanin buhunan dankali. Matar Gunder, Ragnhild, tana kwance rai a hannun Allah. Likita ya riga ya ce ba za ta ga Lahadi ba.

*

Kimball ya same mu a madafa, ni da wana Ansel. Ansel ya tsufa yana bin sawun kyarkeci da ɓatattun shanu, amma ƙarar igwa a wurin yaƙi ta kashe masa kunne, sai an yi masa ihu. Shi ya sa duk inda aka kira shi nake binsa: shi ido, ni kunne. Baki kuwa, in ji shi, ba wanda ya nema, ni na zo da abina.

"Uwar masauki, ki faɗa masa," in ji Kimball. "In na saki Gunder, mutanen nan za su tare shi a hanya, ko su bi shi gida su cinna wuta da mara lafiya a ciki. In na riƙe shi, matarsa za ta mutu ba ya nan. Ina son abin da zan nuna musu su gani da idonsu."

Na kai bakina kunnen Ansel na kwarara masa.

"Na ji, Dorcas, ai ba a ƙetaren kogi nake ba," ya ce yana jawo takalmi. "Sun je gadar?"

"Kaf garin, Yaya."

"Allah ya isa tsakanina da ƙafafunsu."

A gada kuwa babu abin karantawa, duk an dame wurin. Sawun katakon Gunder kaɗai ya tsira, don a kan gangare yake, inda malalatan garinmu ba za su hau ba. Ansel ya tsuguna a kansa ya daɗe.

"A guje ya sauko, a guje ya koma," ya ce.

"Gudun mai laifi?"

"Gudun mai sauri. Ni ƙafa nake karantawa. Zuciya ke ce gwanarta, ko ba a tambaye ki ba."

*

Gunder ƙato ne, irin wanda ke sunkuyawa kafin ya shiga ƙofa. Muka tarar da shi zaune a kan buhu yana murza hularsa. Bai ko gaishe mu ba.

"Dorcas, wani ya je tudu? Yaya take?"

"Za a je. Fara gaya mana abin da ya kai ka gada."

"Ƙulli na je nema."

Ƙulli tsohuwar al'adar 'yan majalisa ce. Idan lalura ta tsare wakili a gida, sai ya nemi wani daga jam'iyyar da ke gaba da tasa su tafa hannu: ni ba zan jefa ƙuri'a ba, kai ma ba za ka jefa ba. Ɗaya ya fita nan, ɗaya ya fita can, ma'auni bai karkata ba. Ba takarda, ba alƙali, hannu ne kawai da mutunci. Amma akan yi shi ne a kan ƙananan dokoki. Ban taɓa jin wanda ya yi ƙulli ranar naɗin kakaki ba, balle majalisa tana hamsin da hamsin.

"Tun Lahadi na so in neme shi, kunya ta hana," in ji Gunder. "Kin san abin da na kira shi lokacin zaɓe."

"Karen kamfani. A ƙofar coci. Ina wurin."

"To. Da safen nan Ragnhild ta kasa haɗiye ruwa. Na ɗaura katako na gangaro, na tare shi a gada. Ban gama magana ba ya zare safar hannu ya miƙo mini hannu. Ya ce, 'Koma wurin matarka, Gunder. Ba ni ba ƙuri'a, ba kai ba ƙuri'a, sai ranar da muka tsaya gaba da gaba muka kwance juna.' Na juya na tafi, ko waiwaye ban yi ba."

"Akwai shaida?"

Ya ɗago jajayen idanu ya dube ni. "Goɗiyarsa."

Na maimaita wa Ansel duka da ƙarfi, har na falo suka ji, suka fashe da dariyar mugunta. Ni kaina, in faɗi gaskiya, rabin zuciyata ne ya yarda. Alkamata a jirgin nan take tafiya, na san zafin kuɗin dako, 'Yan Gona nake so su ci. Amma na san abin da ƙuri'a ɗaya ke sa maza su yi.

*

Cyrus Bramlett yana zaune kusa da murhu, kofinsa ya huce bai taɓa ba. Shi ne shugaban 'Yan Dogo na gundumarmu. Shi ya lallashi Orrin ya tsaya takara, ya bi gona gona cikin taɓo yana nema masa jama'a. Tun suna 'yan makaranta suke tare, har Orrin ya auri ƙanwarsa Lavinia.

"Ƙulli?" in ji shi. "Dorcas, ke ma kin san ƙarya ce. Gunder yana gida, mu hamsin su arba'in da tara, nasara ta zo har ƙofa, sai Orrin ya zubar? Ai da sai ya gaya mini."

"Yaushe rabonka da shi, Mista Bramlett?"

"Jiya a coci. Mun yi da shi mu haɗu a tasha." Ya share fuska da tafinsa. "In ba Gunder ba ne, ku tambayi baƙonki mai farin wuyan riga. Ina ya je da sassafe?"

Baƙon nan Pruitt ne, wanda 'Yan Gona suka turo daga babban birni don ya tabbatar wakilansu sun hau jirgi. Tun da ya sauka a wurina yake kushe kofina, saboda haka na shirya yarda da duk abin da za a ce ya yi. Da sassafe ya yi hayar doki ya fita, ya dawo da ƙulu a goshi da hannun kwat a yage. Muka same shi a ɗakinsa yana ɗora tsumma mai sanyi.

"Wa ya yi maka wannan ado, ranka ya daɗe?"

"Reshe ne."

"Reshen wace bishiya?"

"Malama, harkar jam'iyya ce, ba ta masu dafa wake ba."

Na fito ina huci. "Shi ne, Yaya! Wallahi shi ne!"

"Don ya raina kofinki?" in ji Ansel. "In haka ne ni ma a rataye ni. Gobe ma bi dokinsa mu gani."

*

Sawun dokin hayar bai je kusa da gada ba. Washegari da safe ya kai mu tudu kai tsaye, har ƙofar gidan Gunder. Tsohuwarsa ce ta buɗe mana, 'yar ƙaramar mata mai ƙashi kamar tsinke. Da na kwatanta mata Pruitt sai ta ɗauko ludayin ƙarfe daga jikin bango ta nuna mini inda ya lanƙwashe.

"Ya zo Gunder na gada," ta ce. "Ya tsaya a kan yarinyar nan tana numfashi da ƙyar, yana cewa mace ɗaya ba ta kai jiha guda ba. To na nuna masa hanya."

Haka na rasa mai laifina, ban kuma ji haushi ba.

Ragnhild tana kwance kusa da taga. Na san ta lokacin da take ɗaukar buhun gari ita kaɗai ta jefa a keken doki, yanzu kuwa bargo ma ya yi mata nauyi. An ce mata Gunder ya je gari neman magani. Ta kama yatsana da hannu mai zafi.

"Ya samu ƙulli, kin sani?" ta ce a hankali. "Jiya ya shigo yana kuka, ƙato da shi. Ya ce, 'Ragnhild, ashe karen kamfanin nan mutum ne.' Ya ce ba inda za shi, yana nan tare da ni har ƙarshe." Ta huta. "To ina ya tsaya? Ki ce masa ya bar surutu a gari, ya san halinsa."

"Yana tafe," na ce mata. Na fita waje na tsaya a bayan rumbu na yi kukana, Ansel ya yi kamar yana duba kofaton dokinmu.

Maganarta ta ishe ni shaida, amma ba za ta ishi falona ba. Za su ce mata ce ke kare mijinta.

*

Daga can muka gangara gidan mamaci. Lavinia tana zaune cikin baƙaƙen kaya, mata sun kewaye ta da kwanonin abinci da ba wanda ke ci. Ta janye ni gefe, kamar mai neman abin da za ta faɗa wanda ba ta'aziyya ba.

"Goɗiyar ma ta ƙi cin hatsi," ta ce. "Jiya da Yaya Cyrus ya kawo ta, gumi ya daskare a ƙirjinta fari fat. Shi ya tsaya ya goge ta da kansa, Allah ya saka masa."

Na isar wa Ansel. Ya tsaya cak.

"Gumi? Daga nan zuwa gada ko ke ba za ki yi gumi ba."

Ya nufi barga, muna biye. Ya shafa wuyan goɗiyar yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya buɗe bakinta. Gefe ɗaya a tsage yake, inda ƙarfen linzami ya ci nama.

"Orrin yana fizgar linzami, Lavinia?"

"Orrin? Ko tsawa ba ya yi mata. Har gori nake masa, ina cewa ya fi lallashinta a kaina."

Ansel ya ɗaga ƙafarta ta gaba. Kofaton ya taɓa tsagewa, maƙeri ya yi mata takalmi na daban, mai ƙarfe a gicciye ta baya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauke ƙafar a hankali.

"Dorcas, mun yi wauta. Gari ya ce mutumin nan bai wuce gada ba, mu ma muka ce amin. Kira Kimball, ki ce ya taho da dattijo ɗaya daga kowace jam'iyya. Sama ta yi nauyi, in ƙanƙara ta sauko shi ke nan."

*

A ƙetaren gada hanya fes take, don ba wanda ya ga dalilin zuwa can. Ba mu yi nisa ba Ansel ya nuna ƙasa da sandarsa. Ga takalmi mai gicciye nan, ya nufi tasha. Kusa da shi kuma ga shi nan ya dawo.

Muka bi sawun har mararrabar da hanyar gonar Cyrus ta haɗu da babbar hanya. A nan keken ya tsaya, har goɗiya ta yi kashi. Mutum biyu sun tsaya gaba da gaba. Ɗaya ƙafafunsa a wuri guda, ɗayan ya yi ta kai da komo har ya haƙa rami. Sannan keken ya yi kwana mai faɗi, cikin natsuwa, ya kama hanyar gida. A kan sawunsa kuma ga na wani doki, a sukwane, yana watsa ƙanƙara.

Ansel ya taka ɗan gaba, wajen tasha, ya dawo. "Ba dokin da ya bi nan tun Asabar," ya ce.

Kimball ya cire hula ya riƙe, duk da sanyin. Dattijon 'Yan Dogo ya zauna a kan kututture. Na dubi wana. Shi ya koya wa Cyrus riƙon bindiga yana saurayi, a gidanmu ya sha cin abinci. Ban taɓa ganin Ansel ya gano sawu ya yi baƙin ciki irin na ranar ba.

Muna juyowa ƙanƙara ta fara sauka.

*

Da la'asar Kimball ya tara su a falona. Ya fito da Gunder ya zaunar kusa da ƙofa, Pruitt da ƙulunsa a lungu, Cyrus a wurinsa na jiya. Lavinia ta ce sai ta zo, ba wanda ya iya hana ta. Sauran gari suka cika ko'ina har kan matakala.

Ansel ya miƙe. Kurma ba ya jin muryarsa, saboda haka da ƙarfi yake magana, kowace kalma kamar saran itace.

"Kun ce an kashe Orrin don kada ya je majalisa. To ba majalisa za shi ba. Gida zai koma. Ya rabu da Gunder lafiya, ya wuce gada, ya je mararraba ya gaya wa wani cewa ya yi ƙulli, ya juyo. Dattawan nan biyu sun gani. Yanzu ku gaya mini: mutumin da ya juya wa ƙuri'a baya, wa zai bi shi a sukwane? Wanda yake so ya zauna a gida, ko wanda yake so ya je?"

Ya juya wajen murhu, inda Cyrus ke zaune.

"Cyrus," in ji Ansel, "ka ce ka jira shi a tasha. Dokinka bai je tasha ba, ɗana."

Cyrus bai musa ba. Ya zura wa wuta ido.

"Na roƙe shi," ya ce. "Na ce, Orrin, shekara guda muna wahala, mutane sun dogara da mu, ga nasara a hannu. Ya ce ya riga ya ba da hannunsa. Na ce ba wanda ya gani! Ya ce shi ya gani. Ya yi mini dariya, ya ce in je in sha shayi. Juyo da goɗiyar kawai na so in yi. Na cim masa a kan gada, na kama linzami na fizga. Ya miƙe tsaye a keken yana cewa in sake mata baki, zan ji mata ciwo. Ta yi tsalle, ya faɗa ƙarƙashin gada. Da na sauka ƙasa ya riga ya cika. Na hau gadar na tarar ta juyo, ta fuskanci tasha, kamar yadda na so."

"Hatsari ne, to," in ji wani daga baya, ɗan Dogo, da sauri.

"A gada hatsari ne," na ce, don bakin nan da ba a nema ba ya ƙi zama. "Jiya fa? Kana zaune a nan ana neman igiya, ka san matar bawan Allah nan tana mutuwa, ka yi shiru. Har ka nuna mana Pruitt."

Cyrus ya sunkuyar da kai. "Da na yi magana da an sake shi. Orrin ba ya nan, shi yana nan. Su hamsin, mu arba'in da tara."

Lavinia ta tashi. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Yaya," ta ce, "gawarsa tana gabanka kana ƙirga?"

Ta ɗauki mayafinta ta fita, mutane suna buɗa mata hanya. A rana biyu ta rasa miji ta rasa wa, kuma a gidan duniya su kaɗai gare ta.

Gunder bai jira ƙarshen maganar ba. Tuni yana waje yana ɗaura katakansa.

*

Muka bi shi a keke, ni da Ansel, amma ya yi mana nisa. Da muka isa tudu mun tarar da tagar ɗakin a buɗe cikin wannan sanyi, kamar yadda mutanensu ke yi idan rai ya fita. Tsohuwar tana tsaye a ƙofa. Ta ce da tsakar rana ne, wato lokacin da muke tsaye a mararraba muna kallon ƙasa. Ta ce har ƙarshe idonta yana kan ƙofa.

Gunder yana durƙushe a gaban gadon, bai ko kwance katako ɗaya daga ƙafarsa ba. Ba ya kuka. Yana ta gaya mata, da harshensu, abin da ban ji ba, a hankali, kamar mai ba da uzurin makara.

A hanyar dawowa, da muka kusa gari, Ansel ya juyo ya dube ni. "Da jiya na ƙetara gadar nan," ya ce. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, na tuna sai na yi ihu zai ji, na fasa.

*

Aka binne su rana ɗaya, shi a maƙabartar gari, ita a tudu. Cyrus aka tafi da shi gaban alƙali. A babban birni kuwa majalisa ta cije, arba'in da tara da arba'in da tara, kullum a jefa ƙuri'a a tashi ba kakaki.

Ƙasar kabarin Ragnhild ba ta gama daskarewa ba Pruitt ya zo da keke har ƙofa, wannan karon ya tsaya nesa da tsohuwar.

"Mista Aasland, Allah ya ji ƙanta. Amma ƙulli ya mutu da mai shi, kowa ya san haka. Ƙuri'arka ɗaya ta ba mu kakaki, ta ba manoma dokar dako. Shekara nawa kana yi wa mutane alkawarinta?"

Gunder ya ɗauki jakarsa ya hau keken. Pruitt ya tafi yana murmushi har kunne.

A makon ne na raka Lavinia babban birni, don ta kwashe kayan da Orrin ya riga ya aika ɗakin da ya kama. Muka ci karo da Gunder a matakalar majalisa, ya rame, kwat ɗinsa tana lilo a jikinsa. Labari ya riga ya iso mana cewa 'yan jam'iyyarsa sun daina gaishe shi. Lavinia ta tare shi.

"Gunder, na ji abin da kake yi. Ni matarsa ce. Na kwance ka, je ka yi abin da aka zaɓe ka dominsa."

Ya cire hula. "Na gode, uwargida. Amma ba da ke na tafa ba."

Haka ya yi ta yi har aka sake zaɓe a garinmu, aka rantsar da wani ɗan Dogo a kujerar Orrin, majalisa ta koma hamsin da hamsin. Aka yi sulhu a kan wani kakaki mara ƙashi, dokar dako ta ruɓe a aljihunsa. A zaɓe na gaba mutanen tudu suka kayar da Gunder, bai sake tsayawa ba. Ni ma na biya kuɗin dakon nan shekara da shekaru, kuma duk lokacin da na biya sai na zage shi a raina, sannan in ji kunya.

Amma ranar nan da muka ci karo da shi, mun hau bene ni da Lavinia, mun zauna cikin 'yan kallo. Zauren ya cika da hayaƙin taba da hayaniya. A ɓangaren 'Yan Dogo akwai kujera ɗaya da aka lulluɓe da baƙin ƙyalle. Magatakarda ya buga tebur zai fara kiran suna, sunan Aasland kuwa shi ne na farko, kullum da shi ake buɗewa.

"Mista Aasland!"

'Yan Gona arba'in da tara suka juyo suna kallonsa, wasu da roƙo, wasu da tsana. Wani ya yi ihu, "Ya mutu, Gunder! Mutumin ya mutu!"

Gunder ya miƙe da tsawonsa. Bai dube su ba, kujerar can ya duba. Lavinia ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

"Ina da ƙulli da wakilin Otter, Mista Selkirk," ya ce. "Bai kwance ni ba tukuna."

Ya zauna. Magatakarda ya kira suna na gaba.